Ɗinki Huɗu a Ƙarƙashin Haɓa

Shagona a unguwar Nuzla, cikin Jidda, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Akwai keken ɗinki mai lantarki wanda ke cin fata da tamfol, da teburi, da kujerar baƙo guda ɗaya, sai jakunkunan mutane a rataye har rufi, wasu ma masu su sun manta da su. Dukanci na gada a gidanmu, amma a Jidda ya koma gyaran jakar tafiya da takalmi da maɗaurin agogo, da duk abin da ya tsinke alhali mai shi bai shirya rabuwa da shi ba. Umara na zo da ƙuruciyata, na ce bari in ɗan taɓa aiki kafin in koma. Har yau ɗan taɓawar nake yi, ga furfura ta gama cin gemu.

A wannan shagon na yi ɗinkin da ya kusa karya wuyan 'yar ƙanwata. Da ƙauna na yi shi, kuma ban taɓa yin ɗinki mai kyansa ba.

Yarinyar a nan aka haife ta, a unguwar Madain Fahad. Ubanta, Allah ya jiƙansa, daga Hausawan Sudan yake. Ina ce mata yarinya ne don bakina ya saba, amma a lokacin ta kusa talatin, tana aikin jinya a wani asibiti. Hausa a kunnenta cike take, a bakinta kuwa rabi ce, Larabci ke cike sauran. In wani abu take so a wurina, ni ne Kawu. In gardama za mu yi, sai in koma khali, kawun dai amma da Larabci.

Abin da take yi ranar hutu shi ne faɗowa daga jirgin sama. Sukan tafi wani fili can arewa da gari, su shiga ɗan ƙaramin jirgi, ya ɗaga su har mota ta koma kamar ƙwayar gero, sannan a buɗe ƙofa su fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da lemarsa a naɗe cikin jakar baya. Sai sun yi ta faɗowa tukuna su ja wani abu, lemar ta buɗe, su sauko a hankali. Ranar da ta fara gaya mini, na tambaye ta ko jirgin ne ke lalacewa duk mako. Ta ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to ashe ku ne ba ku da lafiya.

Amma ta san lagona. Suna ɗaura wata 'yar kyamara a hular kwano, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, ita ke ɗauko duk abin da idon mutum ya gani tun daga bakin ƙofar jirgi har ƙasa. Ta fara turo mini hotunan a waya, ni kuma na fara kallo a ɓoye, ina zaginsu a fili. Bayan azahar, in layinmu ya yi tsit, rana ta kori kowa, sai in jingina da bango in kunna. Da farko ƙarar iska ce kawai. Sai ƙasa ta bayyana a shimfiɗe, ja-ja, fari-fari, titi ya ratsa ta siriri, can gefe guda teku ya kwanta, shuɗi a nesa, kore a bakin gaɓa. Ba ka ganin shinge ko ɗaya daga can. In lemar ta buɗe sai ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, ka ji numfashinta kaɗai, ka ga ƙafafunta biyu suna lilo a kan duniya.

Ni tun jirgin da ya sauke ni ban sake hawa wani ba. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, Jiddarsa 'yar ƙarama ce: daga shago zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gidan ƙanwata, jefi-jefi in leƙa unguwar Ruwais in akwai suna ko rasuwa. Shi ya sa hotunan nan suka shige ni. Sau da yawa gyangyaɗi kan ɗauke ni da wayar a hannu, in ji kujerata ta rabu da ƙasa, shagon ya yi ƙasa da ni a hankali, in hango rufin kwanon maƙwabta da tankunan ruwa da shanyar mutane, ba tsoro, ba kowa yana tambayata takarda. Sai wani ya ƙwanƙwasa teburi ya ce zif ɗin jakarsa ya mutu.

Ta hanyarta abokan faɗowarta suka san ni. Lemar kanta ban taɓa taɓawa ba, suna da mutuminsu da ya yi karatun wannan. Nawa shi ne tarkacen gefe: gwiwar wando ta yage, safar hannu ta ɓarke, sai kuma babban ciwon kansu, wato inda za a ɗaura kyamara. Mutum zai ga maɗauri a waya, hoto ya yi kyau, ya aika a kawo masa daga wata uwa duniya. Ya yi makonni yana jira, kwali ya iso, ya buɗe ya tarar abin bai zauna a hularsa ba. Ya rubuta wa masu sayarwa, su amsa masa da daɗin baki cewa ai haka yake zuwa, ya ɗan goge gefen da kansa. Daga nan sai ya zama injiniya. Ya sayo gam, ya ari injin huda, ya kalli bidiyon wani yana yi cikin minti biyar, ya zauna a tsakar ɗakinsa ya lalata hular da hannunsa.

Sai ranar Alhamis da la'asar za su shigo mini, ana gobe ko jibi za su tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su ba su taɓa jin wannan ba. Akwai wani dogon saurayi da ya kawo hula da huda uku, ko ɗaya ba ta faɗa inda ake so ba, ya ce in ɓatar masa da su ta koma kamar sabuwa kafin magariba. Na ce masa ni baduku ne, huda na iya yi, ban iya mayar da ita ba. Bai yi dariya ba. Ya ciro waya ya nuna mini yadda ake riƙe basilla. Ni da aka yaye ni a kan fatar akuya, yau ɗan da bai taɓa saka zare a allura ba ke koya mini riƙon basilla. Na haɗiye, na rufe masa hudar da fata, ya tafi yana cewa kalar ba ta yi daidai ba.

Haka suke. Suna son abin da aka yi dominsu su kaɗai, ya zo da sauri kamar na kanti, ya kuma yi kama da hoton da ya yaudare su tun farko. In ya yi kyau, dabararsu ce. In ya ɓaci, hannun tsoho ne ya yi rawa. Wannan ya sa na daina sauraron bayaninsu. Ina gyaɗa kai har su gama, in sun fita in yi abin da na sani.

Abin da na sani kuwa a rumfar babanmu na koye shi. A can, in ka gama aiki yadda aka ce, ba ka miƙa shi haka nan. Sai ka ƙara layi ɗaya na ɗinki a inda ido ba ya kai, ba a tambaye ka ba, ba ka kuma faɗa. Gyara ke nan, kamar yadda mai awo ke ƙara maka ɗan hannu a kan mudu. Baduku da aka dawo masa da aiki ya ɓalle, ranar ba ya iya cin tuwo a gaban mutane. Shekara da shekaru a Jidda, ba a taɓa dawo mini da hannun jaka ba, kuma ina taƙama da haka fiye da yadda ya kamata.

Wata Talata 'yar ƙanwata ta shigo da hularta a leda, yatsunta duk busasshen gam. Ita ma ta faɗa ramin da sauran suka faɗa. Maɗaurin da ta jira ya iso, ya fito a goshin hular tsirit kamar ƙahon rago, malaminsu ya gani ya ce ba za ta hau jirgi da shi ba. Ta gwada gyarawa da kanta kwana biyu, abin ya ƙi.

"Kawu," ta ce. Na san akwai aiki.

Ta zana mini a bayan takardar magani. Kube take so, irin na wuƙa amma gajere, na fata mai laushi, sumul, ba kunne ba baki, wanda kyamarar za ta shige ta kwanta a ƙarƙashin haɓa. Wannan duk mai sauƙi ne. Sai ta ciro wani ɗan zaren auduga daga jakarta, siriri, irin wanda mata ke kama bakin zane da shi, ta ajiye a teburina.

"Da wannan za ka haɗa shi da hular. Ɗinki huɗu."

"Huɗu?"

"Arba'a bas. Biyu nan, biyu nan."

Na ɗauki zaren na ja shi da yatsa biyu, ya tsinke. Na nuna mata guntayen.

"Aiwa, haka nake so," ta ce. "Shuf, ya khali. Lokacin da lema take buɗewa, igiyoyi suna fita da ƙarfi, suna wucewa nan, kusa da fuska. In ɗaya ta kama kyamara, lazim kyamara ta tafi. In ba ta tafi ba, kaina ne zai tafi da ita. Fahamt?"

Na fahimta. Ba zan ce Larabcinta ne ya ruɗe ni ba, ko ba ta yi bayani ba. Kowace kalma ta shiga kunnena. Sai dai a raina ina cewa ga wata kuma ta kallo bidiyo. Na tuna bara da wata kyamararta ta faɗi a sahara, ta yi mako biyu tana jimami kamar an yi mata rasuwa. Na ce a zuciyata, igiya siririya ina za ta sami abin kamawa a fata sumul irin wadda zan yi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da kuwa rimin jirgi ne. Na gyaɗa kai na ce ta dawo Alhamis.

Washegari uwarta ta zo, ƙanwata, da kwanon dambu a ƙunshe cikin mayafi. Ba ta saba zuwa shago ba. Ta zauna a kujerar baƙo tana kallon hular a kan teburi kamar wani abu mai cizo. Ta yi faɗa a kan faɗowar nan har ta gaji, ta yi kuka, ta yi fushi na wata guda, yarinya ba ta fasa ba. Yanzu abin da ya rage mata shi ne duk ranar da 'yar ta tafi filin, ba ta cin komai sai ta ji muryarta.

"Yaya," ta ce, "an ce kai za ka yi mata ɗinki."

"Ni ne."

"To don girman Allah ka ɗaure shi tamau. Ni ban san kan abubuwan nan ba. Amma kada wani abu nata ya kwance a sama. Kai kaɗai ne hannunmu da zai kai can."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na ce ta kwantar da hankalinta, abin da na ɗinka ba ya kwancewa.

Na zaɓi fatar da na daɗe ina ɓoyo, baƙa, mai laushin kunnen ɗan akuya. Na yanka, na jiƙa, na ɗora ta a kan kyamarar har ta ɗauki siffarta. Na yi ɗinki huɗu da zaren audugarta, a fili, inda za ta gani. Sannan na ɗaga shafin ciki, na ɗauko zaren nailan mai kaki wanda nake kama hannun manyan akwatunan alhazai da shi, na bi layi biyu, na ƙulle, na ƙone bakin zaren, na mayar da shafin na rufe. Ko ni da na yi, sai na lalubo da farce nake jin wurin. Na ji daɗi a raina. A ganina na biya uwa, na biya 'ya, na kuma biya babanmu a kabarinsa.

Ranar Alhamis ta zo ta saka hular a cikin shago, ta juya kai hagu da dama, ta ƙirga ɗinkin da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Fuskarta ta washe.

"Tislam idak, Kawu, hannunka ya yi albarka. Asabar zan kawo maka teku."

Na ce Allah ya kai ta lafiya ya sauko da ita lafiya.

Asabar da hantsi ina kan keke, ina bin gefen wata jakar tamfol. Carbina yana naɗe a wuyan hannuna na dama, kamar kullum. Tsohon carbi ne, zarensa ya daɗe da mutuwa, ina ta cewa zan sake masa, amma baduku ba ya samun lokacin kayansa. Na miƙa hannu in gyara zaman jakar, jelar carbin ta faɗa tsakanin bel da wilin keken. Ban ma gani ba. Ji kawai na yi an fizgi hannuna da ƙarfin da ban taɓa zaton keken nan yana da shi ba, kafaɗata ta bi, fuskata ta kusa dukan ƙarfe. Sai zaren ya tsinke. 'Ya'yan carbin suka watse a ƙasa, suna ta gangarawa ƙarƙashin teburi.

Na zauna ina duba hannuna. Ɗan ja ne kawai ya kwanta a fatar. Na ce alhamdu lillahi da zaren ruɓaɓɓe ne, da na sake masa da nailan yadda na yi niyya, da yanzu wani zance ake. Ban rufe baki ba na tuna da nailan ɗin da na ɓoye a kuben yarinyar.

Na ɗauko ragowar fatar nan baƙa, na yi mata irin ɗinkin da na ɓoye, layi biyu, a jikin wani tsohon maɗauri. Na rataya a ƙarfen ƙofa, na saƙala igiya, na ja. Na sa ƙafa a bango na ja. Na saki nauyina gaba ɗaya na rataye. Ƙarfen ƙofar ne ya fara lanƙwasa, ɗinkin ko gezau. Aikina ne, na san ba zai ba ni kunya ba, kuma a wannan lokacin yana ƙarƙashin haɓar 'yar ƙanwata.

Na kira wayarta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san dalili, ta taɓa gaya mini a mota suke barin wayoyi in za su hau. Na sake kira, na sake. Abokanta da suka yi ta zarya a shagona, ban riƙe lambar ko ɗaya ba, don a ganina ni ake nema, ba ni ke nema ba. Filin kuwa ban san sunansa ba, ban san hanyarsa ba, kuma ko na sani akwai shingen bincike a kan titin, inda mutum irina ba ya wucewa. Na nemo lambar ƙanwata, na tsaya ina kallonta. Me zan ce mata? Tana can da bakinta a bushe tana jiran murya. Na mayar da wayar.

Daga ƙarshe na danna na yi magana, na aika wa yarinyar saƙon murya. Na ce kada ta sake hawa da hular nan. Na ce akwai ɗinki a ƙarƙashin shafi, layi biyu, nailan, ni na yi, na ɓoye mata. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Sannan na fito bakin ƙofa na tsaya ina kallon arewa, kamar zan hango wani abu. Sama fari fat, ba gajimare, sai tattabaru suna kewaya rufin masallaci, can sama kuma wani babban jirgi yana saukowa a hankali. Layin yana nan yadda yake. Mai shayi yana wanke kofuna, wata mata tana ciniki da mai kayan miya, na'urar sanyaya ɗakin maƙwabcina tana ɗiga a kan siminti. Ni kuwa rabina ba ya wurin. Ina rufe ido sai in ga ƙofar jirgi a buɗe, in ji iskar, in ga ƙasa ja-ja da tekun a gefe, duk abin da na saba kallo ina jin daɗi. Amma yanzu igiyoyin kaɗai nake gani. Sau nawa na kalli hotunan nan ban lura da su ba? Ga su nan, farare, da yawa, suna fita kamar bulala ta gefen kuncinta, a daidai lokacin da ni nake jiran ƙarar ta ɗauke in ji shiru.

Wani ya zo karɓar jakarsa na miƙa masa ta wani. Aka kira azahar na je na yi, ban san abin da liman ya yi ba, bin sahu kawai na yi. A sujada ban iya haɗa addu'a ba, sai cewa nake ya Allah ka raba igiya da fatar nan. Na dawo na durƙusa ina tsintar 'ya'yan carbi ɗaya ɗaya, don hannuna ya sami abin yi.

Ina nan a durƙushe wayar ta yi ƙara. Ita ce. Na ji iska a bayanta, da muryoyin mutane nesa-nesa.

"Na ji saƙonka," ta ce.

"Kin hau?"

"Sau uku."

Sai na ji wani ɗan sauti, gurus, gurus, na gane wuƙa ce ke cin zare mai kaki. Ya ɗauki lokaci, don ba zaren da ke saurin ba da kai ba ne.

"Khalas, na yanke," ta ce. Ta kashe wayar.

Sai ranar Litinin ta zo, daga asibiti kai tsaye, takalmin aiki a ƙafarta. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta zauna, ta ajiye hular da kuben a teburi. Ta farke shafin gaba ɗaya, ɗinkina yana kwance a fili, layi biyu, miƙe sambal. Na so ta yi faɗa. Da ta ɗaga murya da na sami inda zan raɓe, in ce uwarki ce ta roƙe ni, in ce kyamararki nake tsoron ta faɗi. Ba ta ɗaga ba.

"Ummi ba ta sani ba," ta ce. "Kada ka gaya mata. Za ta ce laifinta ne."

Na ce to.

Ta ɗan juya kuben a hannunta. Da ta sake magana, a hankali ta yi, tana neman kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, kamar tana so kada ko ɗaya ta wuce ni.

"Kawu, kafin in hau jirgi, komai da ke jikina sai na ja shi. Kulli shai. Na ja, na duba, sannan wata ta zo ta sake dubawa, ni ma in duba nata. Ko malaminmu ne ya ɗaura, sai an duba. Ba raini ba ne, haka ake yi. Wannan kaɗai ne ban ja ba." Ta ɗago ta kalle ni. "Na ƙirga huɗu, na ce khalas, Kawu ne."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a filin, kuma na yarda da gaske take.

Ta ciro zaren audugar ta ajiye. Na gyara shafin a gabanta, na ɗora kuben a mazauninsa, na yi ɗinki biyu a dama, biyu a hagu. Da na kai na huɗu hannuna ya tafi neman na biyar da kansa, sai da na janye shi. Ta karɓa, ta cire kyamarar, ta saƙala igiya a bakin kuben, ta miƙo mini ɗaya bakin.

"Ja."

Na fizga. Ɗas, ya rabu, ya faɗi ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Tunda na fara riƙe basilla ban taɓa ganin aikina a ƙasa ba, mai shi kuma tana gyaɗa kai.

"Tamam. Yalla, sake irinsa."

Na sake, huɗu. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta tashi ta je bakin ƙofa inda haske yake. Ta juya kuben ciki ya koma waje, ta bi shafin da farce daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, ta ɗaga shi sama ta leƙa. Ni ina zaune, hannuwana a kan gwiwa, ina jira a gama duba ni.

Har yanzu ni nake mata ɗinki, ba ta kai wa kowa. Duk abin da na miƙa mata, ko maɗaurin agogo ne, sai ta je bakin ƙofar nan ta juya shi. Ba ta taɓa samun komai ba, ba ta kuma daina dubawa ba.